Ɗakin Ƙarshen Baranda

Litinin, bayan sallar asuba

Yau masu fenti za su shiga ɗakin ƙarshen baranda. Da shi na tashi a raina, da shi na yi salla, har na ɗora butar shayi na manta ban kunna wuta ba. Malam ya leƙo kicin ya same ni tsaye ina gadin ruwan sanyi, ya ce, "Sista, sabuwar dahuwa ce aka fito da ita, ko haƙurin miji ake aunawa?" Na yi dariya don kada ya ƙara tambaya.

Tun ina ɗalibar ungozoma, a ɗakin nan muke kwantar da matar da ta haihu abin bai zo da rai ba. Gado ɗaya ne, da fanka mai ƙara, da kujera 'yar tsugunno. Amfaninsa guda: daga can ba a jin kukan jarirai. Yanzu an kawo wa asibiti sababbin kwalaben rainon bakwaini, kuma babu inda za su zauna sai nan. Darakta ta kira ni, tunda ni ce shugabar ɓangaren masu jego, ta ce, "Ɗakin nan sai ya yi sati a rufe ba a kwantar da kowa ba, Sista. Bakwainin da muke turawa wani asibiti kuwa, ba duka ke kaiwa ba. Ki gaya mini, me za mu ce wa Allah?"

Matar nan ba azzaluma ba ce, sahu ɗaya muke tsayawa a masallacin ma'aikata, kuma gaskiya ta faɗa. Na ce to.

Abin da ban tambaya ba, ita ma ba ta taɓo ba: su waɗancan matan, ina za mu kai su?

Talata, da la'asar

Sun shafe tsagewar silin. Wadda ta taso daga kusurwa ta rabu biyu daidai saitin fanka. Na faɗa wa Doguwa, mataimakiyata, sai ta ɗaga kai ta ce ita duk shekarunta a nan ba ta taɓa lura da wata tsagewa ba. "Ke da ba kya kallon sama sai in kina harara, yaushe kika gan ta?"

Na ce ta je ta duba ƙarin ruwan gado na biyu.

Na ɗauke kujera 'yar tsugunno kafin su yi mata fenti. Tana ofishina, ƙarƙashin tebur.

Laraba, bayan magariba

Darakta ta kawo mana wata mai ba da horo, a kan shugabancin mata da riƙon addini a wurin aiki. Yarinya mai fara'a, bakinta da zaƙi. Ta raba mana kwalaye masu launi, wai kowace ta rubuta ɗabi'un da take shugabanci da su. Muka rubuta amana, tausayi, gaskiya, aka manna a bango, aka tafa. Doguwa ta rubuta "zuwa aiki da wuri", ita da kullum sai an miƙa aiki take shigowa tana haki. Na kusa shaƙewa da dariya.

Ni dai duk zaman Mama Agogo nake tunawa. Da tana nan da ta kalli kwalayen nan ta ce, "Madalla. To wa ya juya matar da aka yi wa tiyata?"

Ita ta raine mu a aikin nan. Agogon da take maƙalawa a ƙirji ya ja mata sunan, kuma da shi take auna komai, bugun jini da lattin ɗalibai. Takalminta ƙwas ƙwas, tun daga matakala muke jin sa mu gyara hula. Lokacin da na zo ba ta da wurin zama. A tsaye take rubutu, a dakalin tagar baranda, mu kuma muna gulmar cewa don ta sa mana ido ne. Sai da aka yi sabon gini aka ba ta ofishin da na gada, na gefen matakala, mai ƙofa mai kauri.

Amma in za ta shiga ɗakin ƙarshen baranda, wata mace take zama. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Ta cire agogon ta jefa aljihu. Ta zauna a 'yar kujerar nan, ƙasa da gado, ta riƙe wuyan hannun matar, ba don auna komai ba. Ba ta aika ƙaramar ma'aikaciya, ko da aiki ya kai mata wuya. Ba ta fara cewa "ki yi haƙuri". Ta taɓa ce mana, "Haƙuri ba allura ba ce da za ki soka wa mutum a tsaye ki wuce. Ranar da za a tambaye ni kiwon da aka ba ni, da mai hannu wofi za a fara."

Ba ta taɓa rubuta wannan a kwali ba. Ina kewarta ƙwarai.

Alhamis, da azahar

Ba zan rubuta abin yau ba.

Juma'a, bayan asuba

Silifas ɗinta suna nan. Shuɗaye, ɗaya igiyarsa ta kusa tsinkewa. Mai shara ta same su ƙarƙashin gadon taga ta kawo mini, na sa su kusa da 'yar kujerar.

Asabar, da hantsi

To bari in rubuta, ko zan samu in ci abinci.

Matar wani direba ce. Ta haihu ranar Talata, ɗan ya zo ba rai. Ni na ce a kwantar da ita a babban ɗaki, gadon taga, a ja mata labule. Labule! Kamar labule na tare kuka. Jarirai ta ko'ina, dangi na shigowa da barka, ita tana kwance fuskarta a bango. Na shiga na ce mata sannu, a tsaye, takalmina a ƙafa, don ana jirana wajen kwalabe.

Ranar Alhamis da safe maƙwabciyar gadonta ta shiga wanka, ta bar jaririnta yana tsala kuka. Ita kuwa nono ya kawo. Ta ɗauke shi ta sa a ƙirji, ya yi shiru. Uwar ta fito ta gani, ta ƙwalla ihu. Surukarta ta shigo. Kalmomin da aka jefi matar nan da su ba za su shiga littafina ba.

Kafin in iso ta miƙa yaron. Da aka juya sai babu ita, ba ta jira sallama ba. Mun kira mijin, ya ce tana gida, ya ce mu ƙyale su.

Babu wanda ya yi laifin da za a hukunta. Wannan ne ma ya fi ci mini rai.

Litinin, bayan la'asar

An yi zama a ofishin Darakta. Likita ya ce a riƙa ba irin waɗannan matan maganin tsayar da nono da wuri. Wani ya ce a sauya labule mai kauri. Wata ta ce a maƙala alama a gadon don ma'aikata su sani. Na ce, "Ƙwarai, a haɗa da ƙararrawa a wuya, don kowa ya kauce." Darakta ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Sista, faɗa ba ɗaki ba ne. Ki nemo mini wuri, ni kuma in sa hannu."

Ba ta yi ƙarya ba. Bakina ne dai, tun ina yarinya yake riga ni fita.

Kwalaben sun fara aiki. An sa wata 'yar mitsitsiya, tafin ƙafarta bai kai babban yatsana ba, tana numfashi kamar tsuntsu. Na tsaya ina kallonta na ce alhamdulillahi, har zuciyata. Ba na so a mayar da ɗakin. Ina so ne kawai ya zama biyu.

Laraba, da safe

Na zaga asibitin nan kamar mai neman akuyar da ta ɓata. Ma'ajiyar zannuwan gado ba ta da taga, mai lafiya ma ba zai kwana a ciki ba. Ɗakin hutun likitoci, ko gama tambaya ban yi ba. Akwai wani bayan ɗakin magani, amma bangonsa ɗaya da injin wuta.

Na dawo ofis na rufe ƙofa, shiru ya sauko mini kamar ruwan sanyi. Doguwa ta shigo da fayil, na lissafa mata duk inda na duba. Ta kalli bango, ta kalli taga, ta kalli ƙofar, ta ce, "Hmm." Na ce hmm ɗin me? Ta ce babu, maƙogwaronta ne.

Alhamis, bayan magariba

Sati guda. Silifas suna nan.

Juma'a, da la'asar

Matar tela ta zo awo yau. Cikin fari, wata takwas. Tun watannin baya na san ta, mai surutu ce, kullum sai ta nuna mana 'yan rigunan da mijin ya ɗinka da ragowar yadi, har da aljihu, wai ko jaririn zai ajiye wani abu. Ta ce kwana biyu ba ta ji motsi ba. Aka ɗauki hoton ciki. Likita ya daɗe yana kallo, ya kira wani likitan.

Ta roƙa a bar ta ta je gida ta ga mahaifiyarta tukuna. An auna ta, an yarda. Ranar Litinin za ta dawo a sa mata ruwan naƙuda.

Da za ta fita ta ce mini, "Sista, a cikin masu jarirai za ku kwantar da ni?" Ashe labarin matar direba ya zaga. Na ce a'a. Na ce mata a'a, ni da ba ni da ko lungu.

Asabar, bayan la'asar

Na je wajen Mama Agogo. Tana gidan 'yarta tun da mantuwa ta kama ta. Na daɗe ban je ba, ina cewa aiki, alhali tsoro ne. Ba na son ganin ta a haka.

'Yar ta tare ni a ƙofa ta ce, "Yaya, kada ki sa rai. Jiya ni ma ta tambaye ni ko na zo awo."

Falo cike da jikoki, talabijin na ihu, ƙaramin cikinsu na kuka a kan wani abin wasa. Tana zaune a kujera, ta ƙanƙance, hannayen nan da suka karɓi haihuwar rabin mutanen da na sani suna ajiye a cinya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "An miƙa aiki?" Na ce an miƙa, Mama. Ta ce, "Hularki ta karkace." Na gyara ɗankwalina.

Na zo da magana a shirye, kwalabe, Darakta, matar tela. Na zauna a gefen kujerar kawai.

Sai ta tsura mini ido. Ta daɗe. Ta zare ƙafafunta daga silifas, ɗaya bayan ɗaya. Ta kai hannu ƙirji, inda babu agogo, ta ciro shi, ta sa a aljihun da rigarta ba ta da shi. Ta fara zamewa daga kujera za ta zauna a ƙasa, 'yar ta taso za ta tare ta, na ɗaga mata hannu. Ta zauna a ƙasa ta riƙe wuyan hannuna.

Ba ta san sunana ba, amma ta gane fuskar. Ta taɓa ganin ta daga wannan zaman.

Na yi kuka irin wanda na manta ina da shi. Ta riƙe ni har na gaji. Sannan ta juya ta kalli yaron da ke kuka, ta ɗaure fuska irin ta da, ta ce da ƙarfi, "Wa ya kwantar da yarinyar nan cikin hayaniya? Ku kai ta ofishina. Ku fid da teburin. Ni ina da ƙafa, zan tsaya."

A mota na fahimta. Na ajiye a gefen titi har mai sayar da ruwa ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya. Duk shekarun da muka yi muna gulmar tsayuwarta a tagar baranda, ba ido take sa mana ba. Ɗakin ƙarshen baranda ofishinta ne. Ta ba da shi tun kafin mu zo, kuma ba ta taɓa faɗa ba.

Lahadi, bayan asuba

Na yi istihara, ko da yake na san ba zaɓi nake nema ba, hanyar zillewa nake nema.

Ba na so. Na rubuta, ba na so in ba da ofishina. Teburinta ne, da zanen da kofin shayinta ya bari, da ƙusar da take rataye mayafi. Duk abin da ya rage mini nata yana cikin ɗakin nan.

Wannan rabin gaskiya ne. Sauran rabin ƙofar ce. Ni ungozoma ce, na karɓi haihuwar da ba zan iya ƙirgawa ba, ina son jarirai, Allah ya sani. Amma akwai wani kuka, na safiyar farko, siriri mai karkarwa, wanda har yau in na ji sai ƙirjina ya ɗaure. Shekaru ke nan in ya taso sai in tuna ina da rubutu a ofis. Babu wanda ya sani. Ko kuwa Doguwa ta sani, shi ya sa maƙogwaronta ke damun ta.

Lahadi, bayan magariba

Na gaya wa Malam, yana gyaran takardun ɗalibansa. Ya ajiye jan biro. Bai yi zolaya ba, abin da ba ya faruwa sau biyu a shekara.

Ya ce, "Kin tuna lokacin da aka bar ni na shigo? Na sami Mama Agogo zaune a ƙasa da farin kayanta, ba takalmi. Na ɗauka mai shara ce, na ce mata ta kira mini babbar Sista."

Na ce na tuna. Mun yi dariya, irin wadda ke ƙarewa da goge ido. Yaranmu biyu da suka zo daga baya sun girma sun bar gida, kuma rabon da mu ambaci waccan ranar ni da shi, na manta.

Ya ce, "Da ya rayu da yanzu shi ke kai ki aiki."

Na ce da ya kai ni a makare, tunda ɗanka ne.

Ya ce, "Ba da ɗakin, Sista. In ƙafarki ta gaji, akwai tawa a gida."

Litinin, da hantsi

Na sami Darakta kafin ta ajiye jaka. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Shugabar ɓangare ba ofis? Za a ce na wulaƙanta ki. Kuma ki sani, in kika bayar, ba ni da wani da zan ba ki. Ba na wata ɗaya ba ne."

Na ce na sani.

"Fayilolin sirri fa?"

Na ce kabad mai makulli zai zauna a ofishinta, in ta yarda. Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce, "Kullum sai kin sa ni jin kamar ban yi salla ba." Na ce wallahi ba nufina ba ne, ita ta ceci 'yar kwalba, ni ban ceci kowa ba tukuna. Ta ce in je kafin ta sake shawara.

Teburin ya ƙi fita. Sai da aka kwance ƙafafunsa, aka kai shi ma'ajiya. Ban kalla ba. Doguwa, wadda yau ta riga kowa zuwa, ta turo gado tana cewa, "Maƙogwarona ya warke." Na ce Allah ya ƙara sauƙi, munafuka.

Na bar ƙusar mayafin. Na fito da 'yar kujerar na ajiye gefen gado. Silifas shuɗaye kuwa na sa a leda, zan kai mata da kaina ranar hutuna, ko da a bakin ƙofa za a tsayar da ni.

Matar tela ta iso da mahaifiyarta. Ba ta kawo jakar riguna ba.

Talata, bayan la'asar

Matar tela ta sauka da azahar. Mace ce. An naɗe ta, ta gan ta, mijin da 'yan uwansa suka tafi da ita.

Na kai ta ɗakin da kaina. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, tayil ɗin da sanyi, ashe duk shekarun nan ban taɓa taka shi da tafin ƙafa ba. Ba ni da agogon ƙirji, sai na kashe waya na sa a aljihu. Na zauna a ƙasa da ita. Gwiwoyina sun yi ƙara, Mama ba ta taɓa gaya mana kujerar nan haka take da mugunta ba.

Na riƙe wuyan hannunta. Can ta ce, idonta a silin, "Nan ba a jin su."

Na ce ba a ji.

Ta juyo ta kalle ni, ta kalli hannuna a kan nata. Ta ce, "Sista, ke ma?"

Na ce ni ma. Na fari. Namiji.

"Kun sa masa suna?"

Mun sa. Ni da Malam, a wancan ɗakin, ƙarƙashin tsagewar nan, Mama ta fita ta ja mana ƙofa. Ko mahaifiyata ba ta sani ba har ta rasu.

Na faɗa mata. Ta maimaita shi a hankali, ta ce suna mai daɗi. Sannan ta gaya mini na tata.

Ba zan rubuta su a nan ba. Sun sami mai riƙe su.

Laraba, bayan an miƙa aikin safe

A tsaye nake rubuta wannan, a dakalin tagar baranda. Tsayinsa daidai gwiwar hannu, kamar da ni aka auna. Ɗalibai biyu sun wuce suna gyara hula, na ji ɗaya tana raɗa wa ɗayar, "Don ta sa mana ido ne."

Matar tela ta sha shayi, ta yi barci.

Jaririn gadon taga ya fara, siririn nan mai karkarwa, uwarsa ta shiga wanka. Ƙirjina ya ɗaure kamar kullum. Babu ƙofar da zan rufe.

Bari in ajiye biro in je in ɗauke shi.